Ɗakin da Aka Hana Ruwa

"Kada ki shiga da ruwa, ko ɗigo," in ji likita. "Ganinsa kaɗai shaƙe shi yake yi."

Dila ne ya fito daga daji ya ciji karen maƙwabta, karen ya ciji mijina. Ya ƙi zuwa allura, wai ɗan ƙwarzane ne. Yau ciwon haukan kare ya kwantar da shi, shi kaɗai a ɗakin ƙarshe.

Hankalinsa ya ɗan dawo, ya dube ni.

"Gimbiya, zan tafi fa. Rowar taki har da hawaye?"

Na ciji leɓe, na yi masa murmushi. Hawaye ma ruwa ne. Sai da na ja ƙofa, na tsaya ni kaɗai a baranda, sannan na sake su.