Kabarin da Kaka Take Nomewa

Wata Asabar da yamma Kaka ta ja ni maƙabartar Kakuri, ta tsaya gaban wani kabari, ta miƙa min fartanya. Kabarin ba suna, sai guntun ƙarfen jirgi mai tsatsa da aka kafa a wajen kai. Ɗanta, Kawu Ishaya, sojan sama ne. Ya tashi da jirgi lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba.

Na ce, "Kaka, kin tabbata shi ne a ciki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Nome ciyawar nan. In ba nawa ba ne, ai wata ce ta haife shi."

Yau Kaka ba ta duniya. Dangi sun zuba wa kabarin siminti, sun ce in rubuta sunan Kawu. Simintin yana ta bushewa, ni kuwa na kasa.