Inna Ta Daina Tari a Waya

Tun da aka kafa dokar hana kiran waya yankewa, kowace kalma da lokacin isowarta. Wadda ta makara a hanya sai a yar da ita, na'ura ta cike gurbin da abin da mai maganar ya saba faɗa.

Ƙauyenmu a bayan dutse yake, sabis ɗinsa ba ƙarfi. Ni kuwa ina Zariya ina karatun haɗa magunguna, kullum da safe nakan kira Inna.

"Inna, ya jiki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ki dage da karatu."

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne Inna ta daina tari a waya. Inna da tarinta ya girme ni! Na bar jarrabawa, na hau mota.

Na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida.

Gwaggo Ladi, ƙanwar Inna, ta riƙe hannuna. "Zulai, kwana da kwanaki tana ce miki ki zo, numfashi na sarƙe ta. Ke kuwa sai 'To Inna, zan dage.' Muka ce boko ya cinye ki."

Ban yi kuka a gabansu ba, ban kuma nemi afuwar kowa ba. Na shiga ɗakinta, na kira wayarta, na amsa da hannuna, na ajiye ta kan gadon da ba kowa.

"Inna, ya jiki?"

Ko jinkiri babu.

"Lafiya lau, 'yar nan."