Takalman Baba

Ina da shekara takwas a lokacin, a gidanmu na Zuru. Baba tsohon soja ne, kuma tun da ya dawo daga fagen daga ba a ƙara jin dariyarsa ba. Kullum da la'asar yakan zauna gindin mangwaro yana goge takalman aikinsa, alhali ba inda za shi da su.

Ran nan ya shiga ɗauko ruwa, sai na zura ƙafafuna ciki. Har yau ina jin warin man takalman nan. Na murtuke fuska irin tasa, na yi maci, na ƙame na sara wa akuyarmu. Ashe yana bakin ƙofa. Ya yi dariya har da tari, ruwan ya zube.

Ya ce, "Sake yi, ɗiyata."

Na sake, iya ƙarfina. Ya dube ni kawai.

"Cire su, kin sa musu ƙasa."

Yau ni ce mai ba mutane dariya a talabijin, lambobin yabo sun cika min kabad. Baba ya rasu bai ƙara yin dariya ba. Duk sanda aka kunna kyamara sake yi nake, kuma ba kowa a bakin ƙofar.