Huhun Aro

Ranar da masu binciken lafiya suka zo kamfanin yankan katako, ƙuri'a ta faɗa kan yayan Giwa. Ma'aikatan suna da yawa, ba za a iya auna kowa ba, shi ya sa aka cakuɗa lambobinsu a kwali aka zaro wasu. Wanda aka zaro zai hura iska a na'ura, a ga ko ƙurar katako tana cin huhu.

Yayan ya ja Giwa bayan injin zarto yana danne tari. "Ungo lambata, je ka hura mini. In suka ji ƙirjin nan, korata za a yi."

Giwa, wanda faɗin ƙirji ya jawo masa sunan, ya je ya hura har likitar da ke awon ta ce madalla. Ashe ba su kaɗai suka yi wannan dabara ba. Duk mai tari sai ya tura ƙato a madadinsa.

Sakamako ya fito: ƙurar ba ta da illa. Mai kamfani kuwa, abin nema ya samu, ya fasa sayen injin zuƙe ƙura da takunkumin hanci. Kafin shekara ta zagayo Yaya ya kwanta, ko buta ba ya iya ɗauka sai da haki. Tarinsa kullum yana sukar zuciyar Giwa.

Da masu binciken suka dawo zagaye na biyu, Giwa ya ga mutane sun fara miƙa lambobi a ɓoye. Ransa ya ɓaci. Ya hau kan gungume ya ɗaga murya.

"Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi! Bara ni na hura wa yayana, yanzu yana gida a kwance. Wa muka cuta?"

Likitar ta matso. "Wanda ƙuri'a ta zaɓa, bakin mutane da yawa ne. Kuma sakamakon mutum sirri ne, mai kamfani ba zai ga na kowa ba. Akwai wasu da ciwo ya zaunar a gida?"

Giwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ai su ne rabinmu."

Ta sa lambobinsu a kwalin, aka sake zarowa, aka bi wasunsu har ɗaki. Wannan karon na'ura ta faɗi gaskiya. Hukuma ta tilasta wa mai kamfani kafa injin, ta ɗora masa maganin majinyata.

Ranar da injin ya tashi, Yaya ya tako da ƙafarsa ya zo gani. Ya dafa kafaɗar ƙanensa yana dariya. "Riƙe huhunka, Giwa. Nawa ya fara dawowa."

Jama'a, in bincike ya zaɓe ku, ku tsaya da kanku. Mai tura lafiyayye a madadin mara lafiya, maganin jama'a duka yake korewa.