Hannun Yaya Barau

Tun da hukuma ta hana hura wuta a gidaje, kowa abincin roba yake ci. Ana auna wa mutum daidai jikinsa, murfin robar kuma ba ya buɗewa sai da yatsan mai shi.

Ran nan Tanimu ya yi baƙo, yayansa Barau daga ƙauye. Ya ba shi ruwan wanke hannu, ya ruga shagon bakin titi.

"Ƙaro min roba ɗaya, na yi baƙo."

"Baba, ba a auna shi ba," in ji mai shagon. "Abincin nan ga araha ga lafiya, amma kowa da nasa."

"Lafiyar banza da wofi! Mutumin da ya goya ni zan ce wa ya jira awo? A akushi ɗaya muka tashi, wa ya mutu?"

Ya dawo yana huci, ya dangwala yatsa a tasa robar, ya tura ta gaban yayansa.

"Bismillah, Yaya."

Barau na miƙa hannu, murfin ya rufe ruf.

Tsohon ya goge jiƙaƙƙen hannunsa a riga. "Ba komai, ƙanena. Dama a ƙoshe nake."

Tanimu ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko taɓaryar marigayiya uwarsu, ya nufo robar.