Kwanon Wanda Ke Ƙasa

Kwanon ya sake dawowa a cike: kuskus da kabewa, da tsokar rago a sama, ko loma ba a taɓa ba. Tuda, tsohuwar da ke dafa wa ma'aikata, ta ajiye shi a bakin komin tsutsa, ta ce, "Allah Ya fito mana da kai," ta juya. Ko kallon inda Hammu yake ba ta yi ba.

Haka ake yi a wannan mahaƙar dalma ta duwatsun Sagro. In ƙasa ta rufe mutum, ba a daina zuba masa abinci sai ranar da aka fito da gawarsa. Ba mai ci, ba a kuma ba kare. Da can bayan dutse ake zubarwa. Yanzu an gina komaye na siminti a bayan ɗakin girki, an cika su da tsutsar wani baƙin ƙuda, ita ke cinye duk ragowar abinci da ɓawon kayan miya. In ta yi ƙiba a kai wa kajin ƙauye, abin da ya saura ya zama takin dabino. Wanda ya ji rauni a rami shi ake ba kiwonta, don aikin ba ya son ƙarfi, kuma ba mai so.

Hammu kuwa ko ƙwarzane bai samu ba ranar da rufin ramin ya rufto. Ya tuna ƙarar, ya tuna ƙurar, ya tuna hannunsa a bayan Assu, abokin aikinsa tun suna samari. Daga nan sai ya tsinci kansa a waje cikin rana, shi kaɗai. Ya bar amininsa a ƙasa ya tsira da ransa, to me zai ce wa mutane? Su ma ba su ce masa komai ba. In ya shiga wurin shan shayi ba mai matsa masa, ba mai miƙo masa kofi. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo, amma bai ga laifinsu ba.

Ya saba da zama a bakin komayen har ya daina jin warin. Abinci ma ya fita ransa. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne Assu.

Kullum da rana tsaka Assu na zuwa, yana jan ƙafar da dutse ya danne, ya rame, idanu sun faɗa. Sai ya ɗauki kwanon ya juye a komi da kansa. Wani lokaci Hammu kan tarar har an juye bokitai an share wurin, alhali shi bai taɓa tsintsiya ba. Abin da ya fi tsinka masa zuciya ita ce tsutsar. Ba ta son haske, ko yaya aka ɗaga murfi sai ta nemi wurin ɓuya. Hammu kan yini a kanta ba ta kula shi ba, amma da Assu ya sunkuya sai ta yi ca ta taru a ƙarƙashinsa, tana motsi kamar tafasar tukunya. Hammu ya ce a ransa, tsutsa ai ta san nata.

"Kai dai da taurin kai aka haife ka, ɗan Itto," in ji Assu wata rana, yana kiransa da sunan mahaifiyarsa, idonsa a kan komin. "Ka hana ni barci, ka hana ni sakat. Wa ya sa ka?"

"Ka yafe mini," Hammu ya ce. "Wallahi ban san yadda hannuna ya rabu da kai ba. Suna nan suna haƙa, za su iso ka."

Assu ya goge kwanon da gefen rigarsa, ya kife shi, ya tafi yana ɗingishi.

Tun daga nan Hammu ba shi da wata addu'a sai ta masu haƙa. A fito da Assu, a yi masa wanka da salla, ya kwanta kusa da iyayensa, ya daina yawo a bayan ɗakin girki. Wataƙila shi ma Hammu a sake kiran sunansa.

Ranar wata Alhamis, kafin azahar, aka kashe injina. Daga bakin rami aka fara salati ƙasa-ƙasa, mutane suka cire hulunan ƙarfe. Hammu ya hango abu a naɗe cikin bargo ana ɗora shi a makara. Wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba. An gama.

Da ya waiwaya, sai ga Assu a bakin komi, ya ɗaga murfi, kafaɗunsa na girgiza.

"Tafi mana," Hammu ya ce a hankali. "Ga ka can an fito da kai. Me kuma ya rage?"

Tuda ta fito daga ɗakin girki, yau hannunta ba kwano. Ta zo ta tsaya tsakaninsu. Tsutsar ta rabu gida biyu tana gudun rana, Hammu ya bi ta da kallo: su uku ne a tsaye, inuwa biyu ce a cikin komin.

Tsohuwar ta dafa kafaɗar Assu, ta girgiza shi.

"Share hawayenka, ɗana, ka zo ka kama makarar. Shi ya ture ka waje dutsen ya same shi, kai ya kamata ka raka Hammu gida."