Hannun Wanzami

Kai da kake cewa ƙwayar nan ta karɓe ka, ba ka ga abin da zai mayar da kai wajen likita ba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani wanzami da ya gaji zabira daga mahaifinsa. Allah Ya ba shi sanyin hannu, yakan yi wa jariri askin suna yana barci har a gama bai farka ba, shi ya sa duk gidan da aka haihu a unguwar shi ake aika wa goro. Ana nan sai ciwon ciki ya sa shi gaba, ƙwannafi da tashin zuciya, ko kunu ya sha sai ya tsaya masa a ƙirji. Ya yi jiƙe-jiƙensa na gado bai ji dama ba. Sai ya lallaɓa asibitin wani gari inda ba a san shi ba, don kunya yake ji a ga mai ba da magani a layin karɓar magani. Likita ya rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ya sha na ɗan lokaci kawai, sannan ya dawo a zura masa roba ta maƙogwaro a leƙa cikin. Mutumin da ya cire wa rabin yaran gari beli, jin za a taɓa nasa maƙogwaron sai ya ja da baya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ƙwaya kuwa ta yi masa aiki, ya koma cin tuwonsa har da yaji, ya ce ai magana ta ƙare. Duk sanda ta ƙare sai ya bi ta kemis ɗin bakin kasuwa, mai kemis ya ƙulla masa a leda, ba tambaya ba gargaɗi. Har ta kai mai kemis da ya hango zabirarsa daga nesa yake fara ƙulli. Haka aka kwashe shekaru.

Daga baki abin ya fara. Leɓɓansa suka riƙa motsi kamar mai cin goro, alhali ba komai a bakin. Sai ƙifta ido ba gaira ba dalili, daga nan ya sauko yatsu. Aka ce masa sammun abokan sana'a ne, ya kuwa yarda, ya yi ta hayaƙi da shan rubutu yana korawa da ƙwayarsa safe da yamma. Sai ran da aska ta zame masa ta tsarge kunnen wani dattijo, babban ɗansa ya kai shi asibiti ala tilas. Likita ya ce ƙwayar ce, ba a yi ta don a daɗe ana sha ba, ta taɓa masa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ko an daina ba lalle jiki ya koma yadda yake ba. Wani lauya, wanda shi wanzamin ne ya yi masa kaciya yana yaro, ya ce wannan ba abin bari ba ne, ya kai mai kemis ƙara. Aka yi ta zarya a kotu. A ƙarshe alƙali ya kama mai kemis da laifi, ya sa aka rufe shagon, ya yanke diyya, amma ya rage ta, ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, tunda an ce da wanzami ya koma bai koma ba. Jama'a suna ta barka da arziki, shi kuwa ya ɗaga hannunsa mai rawa ya ce, “Allah Ya gafarta malam, wannan fa?” Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, wannan ba ya cikin ikon kotu.”

Ba a jima ba aka haifa masa jika namiji, na fari. Ranar suna aka fito da jaririn cikin zane aka nufo shi, don ba wanda ya iya buɗe baki ya ce masa a'a. Ya wasa aska, ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla. Ya dubi taushin maɗigar, ya dubi yatsunsa, ya hango uwar yaron a bakin ƙofa ta zuba wa askar ido. Sai ya ninke askar a hankali, ya ce a kira wanzamin ƙetaren hanya. Yana zaune a kan tabarmarsa wani ya aske masa jika, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Ka ji shi nan. Ya guji robar yini ɗaya, ya rasa hannun da ubansa ya bar masa. Irin wannan ne Hausawa suke cewa: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.